Yumɓu Kafin Allo: Koyar da Yara Ilmin Burbushin Halittu



Akwai saɓani tsakanina da masu tsara manhajar firamare. Su suna ganin ilmin halittun da suka zama dutse ya fi ƙarfin yaro, kuma wai sai da ɗakin gwaji. Ni kuwa ina ganin yaron da ya iya gina shanun yumɓu a bakin rafi ya riga ya mallaki dukkan kayan da wannan darasi yake bukata.

Hujjata tana Sakkwato. Dutsen farar ƙasa da ake haƙowa a Kalambaina domin yin siminti, idan mutum ya fasa shi ya duba da idon basira, zai tarar da ɓawon katantanwa da na sauran halittun teku a cikinsa, domin kuwa kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce, wani reshen teku da ya ratso Sahara ya malale wannan yanki, halittunsa suka mutu suka kwanta a laka, laka ta hau kan laka, har matsi da tsawon zamani suka mayar da su dutse. A ƙasar Goronyo aka tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku wadda masana suka raɗa wa sunan garin a 1972. Ga kuma Gadufawa a Nijar, inda aka sami ƙasusuwan wata dabba mai haƙora fiye da 500. Amma ɗan Kalambaina, wanda ƙurar wannan dutse take sauka a kan rigarsa, yana gama aji shida bai taɓa jin labarin ba. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai.

Aikin koyar da wannan darasi kuwa ba shi da wuya. A ba yaro curin yumɓu ya danna ɓawon katantanwa ko ganyen durumi a ciki, ya zare a hankali, ya bar gurbin ya bushe, sa'an nan ya zuba ruwan siminti. Bayan kwana biyu, in ya ɓare yumɓun, zai riƙe siffar abin da babu shi, ya gane da hannunsa yadda jiki yake ruɓewa sura ta wanzu, abin da hadda ba za ta taɓa ba shi ba.

Masu tsoron kada wannan ya taɓa aƙidar yara, su tuna cewa Albiruni da Ibnu Sina sun yi bahasi a kan irin waɗannan duwatsu tun ƙarni na 11, suna Musulmi.

Shawarata ita ce wadda na daɗe ina bayarwa: kwalejojin horar da malamai su koyar da wannan aiki, kowace makaranta ta gayyaci mai ginin tukwane ta unguwarsu ta nuna wa yara kwaɓin yumɓu, kuma makarantun da ke kusa da Kalambaina da Dange su fita da ɗalibansu su tsinto duwatsun da kansu, a ajiye a aji.