Abin Da Ke Hana Waya Sabis A Cikin Ɗaki

Wani mai gyaran waya ya yi wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci jawabi a Funtuwa. Ya ce sau da yawa manomi kan rasa cinikin masara ko auduga, domin dillali ya kira bai same shi ba. Ya ce galibi ba wayar ce ta lalace ba, rufin kwano da katanga mai kauri ne ke tare sabis. Don haka a ajiye ta bakin taga, ko a fita tsakar gida. In ta ƙi, a kashe ta, a goge sim, a sake kunnawa. Wanda kamfaninsa bai saurari kukansa ba, sai ya kira hukumar NCC a 622, kyauta.