Mai Gidan Abinci da Abin da Yake Bari a Bayansa

Idan mai gidan abinci ya rasu a gari irin Bukkuyum, abin da magada suke tararwa a rumfarsa bai wuce manyan tukwane da muciya da kwanuka da benci biyu ko uku ba, amma jama'ar da take cika ƙofar gidansa ranar sadakar uku takan ninka ta wani mai kuɗin da ya fi shi dukiya nesa ba kusa ba. Asalin wannan daraja, da abin da yake samunta bayan an raba gado, su ne wannan lacca za ta bi.

Sana'ar tana da tushe a fatauci. A ƙarni na 19 Gummi ta kasance mazaunin Kambarin Barebari, wato fataken da suka shahara da zuwa Gwanja sayen goro a kasuwar Salaga, cikin ƙasar Ghana ta yau, kamar yadda Paul Lovejoy ya nuna a littafinsa na 1980 a kan ayarin goro. A zangon da ayari ya sauka akan sami fatoma, wato mai masaukin da yake ciyar da baƙo, ya adana masa kaya, ya tsaya masa a ciniki, sannan ya karɓi la'ada. Jakuna sun ba motoci hanya, amma mai gidan abinci na bakin tasha ya gaji rabin aikin fatoma, domin a wurinsa direba yake barin saƙo, kuma a hannunsa dillalin dabbobi yake ajiye kuɗi kafin kasuwa ta tashi.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi cewa sunan da ake kiran rumfar da shi na maigida ne, alhali tuƙin tuwo da kaɗa miyar kuka a cikin gida ake yin su, a hannun mata, yara kuma su yi ta jigila. Polly Hill ta bayyana irin wannan ciniki na matan kulle a Batagarawa ta ƙasar Katsina tun a 1972. Abin da maigida yake riƙe da shi shi ne hulɗa da jama'a, kuma a ƙananan abubuwa take bayyana. Akwai gyara, wato ɗan ƙarin da ake yi wa mai saye bayan an zuba masa na kuɗinsa. Akwai ƙanzo, wato abin da ya kama a gindin tukunya, wanda ake kankarowa da yamma a zuba wa almajirai a robobinsu. Akwai kuma bashi, wanda manomi yake ci da damina a kan zai biya da kaka, ba tare da takarda ko shaida ba.

Shekarun baya-bayan nan sun jarraba wannan amana. Gubar dalma ta 2010, wadda ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su 'Yargalma ta Bukkuyum da Dareta ta Anka, ta yaɗu ne saboda a cikin gidaje ake daka dutsen zinari, har da turamen daka hatsi, don haka tsabtar garin tuwo ta koma maganar rai da mutuwa. A Satumban 2021 kuma gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako, aka katse layukan waya saboda 'yan bindiga, ciniki ya tsaya cik, masu cin bashi suka ƙaru.

A fiƙihun Malikiyya ana fara fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashin da ake bin mamaci, a zartar da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba saura. Bashin da shi yake bin mutane yana cikin dukiyar gado, amma tunda a kansa yake riƙe da lissafin, sai wanda ya ji tsoron Allah ya kawo, sauran kuma magada sukan yafe. Tukwane suna rabuwa, masu saye ba sa rabuwa, hannun miya suke bi, kuma sau da yawa wannan hannu na wata 'ya ce da aure ya kai ta Gummi ko Nasarawar Burkullu, inda ta kafa nata murhun.