Tauraron da Ashe ba Tauraro ba ne

Yau za mu yi magana a kan wasu fitilu da ke can ƙuryar sama, waɗanda haskensu ba ya tsayawa wuri ɗaya, da abin da masana suka gano daga hawa da saukarsa.

A shekarar 1929 wani Bajamushe masanin taurari, Cuno Hoffmeister, ya lura da wani ɗigon haske mai ƙaruwa yana raguwa. Aka ɗauka tauraro ne, aka raɗa masa suna BL Lacertae. Sai a 1968 aka gano yana fitar da igiyoyin rediyo, a 1974 kuma aka auna nisansa. To jama'a, ashe haskensa sai ya yi tafiyar shekara wajen miliyan 900 kafin ya iso gare mu. Ba tauraro ba ne, cibiyar wani gungun taurari ce.

A tsakiyar irin wannan gungu akwai abin da ake kira baƙin rami, wuri mai tsananin jan abu, wanda ko haske bai isa ya kuɓuce masa ba. Iskar gas na kewaya shi tana ɗaukar zafi, wani sashenta kuma yana tsartuwa waje da gudun da ya kusa na haske. In tsartuwar ta nufo mu kai tsaye, shi ne ake kira bilaza, sunan da aka ƙirƙiro a 1978. Kun san tocila: in an haska maka ita a ido, ta fi ƙarfi a kan ka hango ta daga gefe.

Ga inda hikimar take. A watan Yuli na 2006, na'urorin hangen nesa da ke Namibiya sun ga hasken wani bilaza, PKS 2155-304, yana ninkawa cikin 'yan mintoci. Mu 'yan kasuwa mun san in labari ya faɗo a rumfa ɗaya, nan take kowa a rumfar ya ji, amma kafin ya game babbar kasuwa sai an ɗau lokaci. Haka abu ba ya iya sauya haskensa gaba ɗaya kafin haske ya ratsa shi. Daga rana zuwa nan haske na yin minti 8, ratsa gungunmu kuwa shekara wajen 100,000. Ko da an cire abin da gudun tsartuwar ke ƙarawa, wurin da wannan wuta ke tashi ɗan mitsitsi ne, alhali yana iya dushe hasken dukkan taurarin gungunsa.

Wani bilazan, OJ 287, yakan yi tashin haske kusan duk shekara 12. An gane haka ne saboda hotunan sama da aka adana fiye da shekara 100, waɗanda masu ɗaukarsu ba su ma san me suka ɗauka ba. Sun dai rubuta kwanan wata daidai, kamar mai riƙe littafin bashi da amana, na baya suka ci moriya. Matasanmu da ke makaranta, ku riƙe wannan: abin da kuka gani ku rubuta shi yadda yake.