Jawabi Kan Hazal Mai Murɗaɗɗun Rassa

A Ingila akwai wani ƙaramin itace, hazal, da ake dasawa a lambu don ado. An tsinci mai murɗaɗɗun rassa cikin wani shinge a yammacin ƙasar wajen 1863. Kyansa sai da hunturu, bayan ganye ya kaɗe.

Galibi aure ake yi masa, yadda ake wa mangwaro. Saboda haka duk tohon da ya fito miƙe daga gindi, sai a yanke shi nan da nan, kada ya danne na adon.

Amma hazal sai ya sha sanyin watanni kafin ya yi toho sosai. Hakimin da aka yi wa tallan dashensa a ƙasar zafi, kada ya ɓata kuɗinsa.