SABUWAR MOTA MAI SHAN BAƘIN MAI

Jawabi ga manoman auduga

 

Maganarmu ta yau a kan mota ce. Waɗansunku sun tara kuɗin auduga shekara da shekaru, waɗansu kuwa ƙungiyar garinsu ce ta ci bashi, aka sayo sabuwar mota mai injin dizal don kai kaya kasuwa. Ba a yi wata biyu ba sai direba ya zo ya ce baƙin mai ya ragu, a ba shi kuɗi ya ƙara. Nan da nan sai hankali ya tashi. Wani ya ce an cuce mu, wani ya ce direba ne ke sayarwa, wani kuma ya ce a kai wa makaniki ya buɗe. To, ku saurara ku ji yadda abin ya ke, don kada gaggawa ta jawo muku hasara.

Cikin inji akwai fistan, wanda ke hawa da sauka a cikin silinda. A jikin kowane fistan akwai zobban ƙarfe, galibi uku. Aikinsu su tare wuta daga sama, su kuma share baƙin mai daga bangon silinda ya koma ƙasa. Sa'ad da inji ya fito daga masana'anta, zobban nan ba su gama zama daidai da bangon ba. Saboda haka mai kaɗan ya kan haura sama ya ƙone tare da man dizal. Sai sun yi ta gogar juna tukuna su zauna sosai, shan ya ragu.

Kun san ɗan maraƙin da a ke koya wa huɗa. Ba a ɗaura masa garma ran farko a ce ya gama gona. Haka inji ya ke. Cikin kilomita 1,000 zuwa 1,500 na fari kada a labta wa mota kaya har ta durƙusa, kada a taka ta iyakar gudunta, kada kuma ta ja wata. Amma sangarta ma ɓarna ce. In an bar inji yana ta aiki mota na tsaye, sa'o'i a bakin layin awo, bangon silinda ya kan yi santsi kamar gilashi, zobba su kasa zama, shan mai ya ɗore.

To, nawa ne shan da ba laifi? Amsar tana cikin littafin da aka ba ku tare da motar. Ga misali, littattafan motocin Volkswagen sun ce inji na iya shan har rabin lita a kilomita 1,000, kuma ya kan fi haka cikin kilomita 5,000 na fari. Kowane kamfani da nasa ƙa'idar. Ku sa wanda ya yi karatu ya duba muku.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan dai mudun mu ke so. Ku tsai da mota a fili mai daidai, ku kashe inji, ku jira kamar minti goma mai ya koma ƙasa. Ku zaro sandar awo, ku goge ta da tsumma mai tsabta, ku mayar har ƙarshe, ku sake zarowa. Akwai zane biyu a jikinta, na sama da na ƙasa. A motoci da yawa abin da ke tsakaninsu kamar lita ɗaya ne. Ku sami ɗan littafi, duk ran da aka ƙara mai a rubuta kwanan wata, da lambar kilomita, da yawan abin da aka zuba. In lita ɗaya ta kai ku kilomita 3,000, ku kwantar da hankalinku. In kuwa ta ƙare a kilomita 500, lalle akwai magana. Littafin nan shi zai wanke direba in ba shi da laifi, shi ne kuma shaidarku gun dillali.

Bayan haka ku duba ƙasa inda mota ta kwana. In akwai ɗigo, yoyo ne, ba sha ba ne. Ku duba hayaƙi kuma. Shuɗi-shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa. Baƙi ƙirin, man dizal ya yi yawa ko iska ta kasa. Fari wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, watakila ruwa ne ke shiga.

Ku manoman auduga kuna da abokan gaba biyu da mai motar birni bai san su sosai ba, watau ƙurar hunturu da gashin auduga. Su kan toshe matatar iska, su kuma like gaban lagireto har inji ya yi zafi, mai ya tsinke. In matata ta huje, ko aka cire ta wai don mota ta yi numfashi, ƙura za ta shiga ta ci zobba kamar yadda dutse ke cin wuƙa. Sabon inji sai ya tsufa a kaka ɗaya. Lokacin jigila ku riƙa duba ta kullum.

Motocin dizal na yanzu yawanci suna da turbo, wanda ke juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, da baƙin mai kuwa ya ke rayuwa. In kun dawo daga doguwar tafiya da kaya, ku bar inji ya yi minti ɗaya ko biyu kafin ku kashe, don turbo ya huce.

Ga gargaɗi babba. Kada ku zuba mai ya wuce zanen sama. Injin dizal yana iya cin baƙin mai kamar abincinsa. In mai ya yi yawa, ko turbo ya lalace, sai inji ya kama gudu shi kaɗai da hayaƙi tuli, ko an zare makulli ba ya mutuwa. In haka ta faru a mota mai kuloci, a danne birki, a sa babbar giya, a saki kuloci don ya mutu. In ya faskara, kowa ya yi nisa. Haka nan in kun ga mai yana ƙaruwa da kansa, ba albarka ba ce, man dizal ne ke gangarawa cikinsa. A kai ta a duba.

Man da za ku zuba kuwa, ku nemi mai lambar da littafi ya faɗa, ko 15W-40 ce ko 5W-30, cikin galan da ba a fasa hatiminsa ba. Na kwalba a bakin hanya ba ku san asalinsa ba. Araha ba ta ado.

In an wuce kilomita 5,000 shan bai ragu ba, ko ya zarce ƙa'idar littafi, ku ɗauki littafinku da rasidai ku koma inda kuka saya tun garanti bai ƙare ba, su auna da kansu. Kada ku yarda wani ya kwance injin kafin nan, don in an buɗe a waje kamfani na iya cewa ba ruwansa, gyara ya koma wuyanku ga bashi bai fita ba.

Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya kiyaye hanya. Wassalamu.