Daren da ɓarayi suka yi waya da kuɗin ƙungiyarmu

 Wanda bai samu damar saurare ba, ga shi nan a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau ba ni da baƙo, asirin kaina zan tona. Mutane da dama sun turo tambaya a kan yadda ƙungiya ko ƙaramar sana'a za ta mallaki layin waya nata na intanet. Zan yi bayani, amma bari in fara da yadda na ƙona hannuna.

A ƙungiyarmu ta matasa mun so mu samu lamba guda wadda jama'ar unguwa za su riƙa kira su kai koke, kiran ya shiga wayoyin 'yan sa-kai shida, duk wanda yake kusa ya ɗauka. Da yake ni na karanci kwamfuta a jami'a, sai aka ce to ga naka. Ranar Alhamis na haɗa komai, na gwada, murya tana fita tar. Lambobin cikin gida na sa su 101 zuwa 106, kalmar sirrin kowacce kuma lambar ce da kanta. Na ce wa raina ai gwaji ne, zan canza daga baya.

Ranar Litinin da safe wata ƙanwarmu cikin 'yan sa-kai ta kira ni, ta ce, "Yaya, layin nan fa ba ya fita." Na buɗe asusunmu, na tarar kuɗin kiran wata uku da muka loda sun ƙare ƙarƙaf. Na duba rajistar kira: tun daren Asabar ake buga waya zuwa ƙasashen da ko mutum ɗaya ba mu sani ba a can, kira a kan kira har gari ya waye. Kuɗin nan karo-karo ne, na ɗalibai da masu tuƙa adaidaita. Tsayuwar da na yi gaban ma'ajiyarmu ina kame-kame, ba na fatan ta ga kowa. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ƙanena, ka shigo da kaya ɗaki kafin ka sa ƙofa." Wannan maganar ita ce darasin yau gaba ɗaya.

To, mene ne shi wannan tsari? Abu uku ne. Na farko sabar, wato kwamfutar da kake haya a rumbun wani kamfani, tana kunne dare da rana, ba ruwanka da ɗauke wuta. Irin wadda ake yanka babbar na'ura gida-gida a ba kowa ɗakinsa ita ake kira VPS. Na biyu manhajar da ke rarraba kira. Wadda ta fi shahara ita ce Asterisk, wadda Mark Spencer ya fara a Amurka a 1999, kuma kyauta ce. FreePBX kuma ita ce fuskar da aka ɗora mata don ka riƙa saiti ta shafi maimakon rubuta umarni. Dukansu yanzu suna hannun kamfanin Sangoma, kuma FreePBX 17 a kan Debian 12 ake ɗora ta. Na uku shi ne kamfanin da zai ba ka lamba ya haɗa ka da wayoyin duniya. A nan kuɗi suke, kuma nan ɓarawo yake hari.

Ga ƙaramar ƙungiya, sabar mai ƙwaƙwalwar gigabayit 2 ta wadatar. Abin da za ka fi lura da shi shi ne inda take. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawarar kada jinkirin murya daga baki zuwa kunne ya wuce milisakan 150. In ya wuce da yawa, shi ne za ka ji kuna ta karo, kai ka ce "eh" shi ya ce "na'am". Saboda haka zaɓi rumbun da ya fi kusa da masu kiranka, ka gwada tukuna kafin ka biya kuɗin shekara. Batun data kuma da sauƙi: salon murya na G.711 bai cika megabayit ɗaya ba a minti ta kowane ɓangare, Opus kuwa ya fi jure sabis mai yankewa.

Yanzu ta yaya suka same mu, alhali ko talla ba mu yi ba? Ai ba mu suke nema ba. Wayar intanet tana amfani da wani yare da ake kira SIP, kuma a al'ada ƙofarsa ita ce mai lamba 5060. Akwai manhajojin da aikinsu kawai su bi adireshin intanet ɗaya bayan ɗaya suna ƙwanƙwasa wannan ƙofa. Sananniya a ciki ita ce SIPVicious, wadda asali don gwajin tsaro aka rubuta ta, ɓarayi suka mayar da ita kayan aiki. Da zarar sabar ta amsa, sai su fara cankar lambobi, 100, 101, 102, sannan kalmar sirri. Tawa kuwa ko canka ba ta buƙata.

Ribar tasu fa? Suna da lambobi masu tsada a ƙasashen waje, waɗanda duk mintin da aka kira ana raba kuɗin da su. Wato da layinka suke kiran kansu, kai ka biya, su su karɓa. Sun fi so da dare, ko ƙarshen mako, ko lokacin hutu, sa'ad da ba mai dubawa. Mu abin da ya cece mu shi ne kuɗin da muka riga muka loda kaɗai suka samu. Da a ce tsarin biya daga baya muke, da bashi za mu tashi da shi.

Ga yadda na sake ginawa, kuma jerin yana da muhimmanci.

Na farko, kafin ka ɗora manhajar waya, kulle sabar kanta. Shiga ta SSH ka mayar da ita da makulli, ka kashe shiga da kalmar sirri, ka hana shiga kai tsaye da sunan babban mai iko.

Na biyu, katangar tsaro. Ka'idar ita ce komai a rufe, sai abin da ka buɗe da hannunka. Ƙofar 5060 ka buɗe ta ga adireshin kamfanin da ya ba ka lamba kaɗai. Ƙofofin da murya take bi, waɗanda a Asterisk suke daga 10000 zuwa 20000, ka rage su daidai yawan kiranka.

Za ka ce to 'yan sa-kai fa, da suke kan datar waya, adireshinsu yana canzawa kullum? Nan WireGuard ya shigo. Hanya ce ta sirri tsakanin wayar mutum da sabar, kowa da makullinsa. Wanda ba shi da makulli ko amsa ba zai samu ba. In wayar wani ta ɓata, makullinsa kawai za ka soke.

Na uku, shafin saiti na FreePBX kada ka bar shi a fili ko na awa ɗaya. A watan Agustan 2025 Sangoma ta yi gargaɗin cewa ana kutsawa cikin sabobin FreePBX ta wata ɓaraka, kuma waɗanda suka bar shafin saiti a buɗe ga duniya su abin ya shafa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ka sa shafin a bayan WireGuard, kuma ka riƙa sabunta manhaja a kan kari.

Na huɗu, kalmar sirri. Bar na'ura ta ƙirƙiro doguwa mai gauraye, kowace lamba da tata. Ka kunna Fail2ban, mai gadin da ke karanta rajista, duk adireshin da ya yi ta kuskuren shiga ya toshe shi. Amma ka sani shi mai gadi ne, ba ƙofa ba ne.

Na biyar, ka ɗauka duk da haka wata rana za a shigo, ka rage abin da za a samu. In ba ku kiran ƙasar waje, rufe shi gaba ɗaya, a sabar da kuma wurin kamfanin. Ka iyakance yawan kiran da zai fita a lokaci guda. Ka loda kuɗi kaɗan-kaɗan, ka kashe cire kuɗi daga kati kai tsaye, ka saita saƙon gargaɗi in asusu ya yi ƙasa. Da na yi wannan kaɗai, da asararmu ba ta wuce ta kwana biyu ba.

Sai abin da ya fi kuɗin tayar mini da hankali. Layin koke ne fa. A sabar nan akwai lambar duk wanda ya kira, da lokacin da ya kira. Akwai matar da ta kira a ɓoye, akwai ɗalibin da ya kai ƙarar wanda ya fi ƙarfinsa. Wanda ya shigo mana kuɗi ya zo nema, amma da wani ne mai neman suna fa? Shi ya sa yanzu muke rufe siginar kira da TLS a ƙofar 5061, muryar kuma da SRTP, takardar shaidar kuwa Let's Encrypt ke bayarwa kyauta. Ba ma naɗar murya sai mun faɗa wa mai kira ya yarda, kuma rajista muna goge ta a kan lokaci. Abin da ba ka ajiye ba, ba mai sace shi. Ku tuna kuma Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023, kuma ba kamfanoni kaɗai ta shafa ba.

Gargaɗi guda kafin mu rufe. Lambarka ka same ta daga kamfani mai lasisin NCC. In wani ya ce zai haɗa maka akwati mai tarin layukan waya don a riƙa shigo da kiran waje da arha, gudu ka yi, wannan laifi ne.

Ba na faɗi duk wannan don in tsorata ku ba. Matashin da ya iya kafa wannan tsari ya kuma iya kulle shi, asibitoci da makarantu da shaguna suna buƙatarsa. Layinmu ya dawo, yana aiki, kuɗin kuma na biya su a hankali daga aljihuna. Har yau duk safiyar Litinin rajista nake fara dubawa kafin in sha shayi, kuma kullum sai na ga masu ƙwanƙwasawa.

In kana da sabar da ke kunne yanzu haka, kada ka jira gobe. Daren nan ka duba abu uku: wa zai iya ganin shafin saitinka, mece ce kalmar sirrin lambarka ta farko, kuma shin kiran waje a buɗe yake. Wanda ya maƙale ya ajiye tambayarsa a ƙasa, amma don Allah kada ya liƙa adireshin sabar tasa.