Gyaran Silon Kabureta: Jawabi Ga Masu Abin Hawa

 

Ni dai ba makaniki ba ne, ɗan kasuwa ne. Wahala ce ta koya mini abin da zan gaya muku. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, duk mai babur ko tsohuwar mota irin Peugeot 504 ya san darajar lita guda. To amma da yawanmu a tsaye muke ƙona man nan, ba a tafiya ba.

Wata rana na ɗauko kaya, motata ta dinga mutuwa duk sanda na ɗaga ƙafa daga totur, har a tsakiyar gadar Binuwai. Wani yaron gareji ya murɗa mini silo sama. Mota ta daina mutuwa kam, amma man da ke kai ni mako sai ya koma kwana huɗu. Ashe rufe ciwon ya yi, bai warkar ba. Ƙurar hunturu da dattin man bumburutu ne suka toshe ɗan ramin da ke ba inji mai in yana tsaye, wato jet na silo.

Don haka, jama'a, kafin a taɓa komai a wanke iyakilina, a duba filogi. In ya yi baƙi, mai ya yi yawa. In ya yi fari fat, iska ta yi yawa. A kwance jet a wanke, a hura. Kada a zura masa waya, ramin zai buɗe.

Sannan a bar inji ya yi zafi kamar minti 10, a tabbata an cire cok. Sukuru biyu ne: ɗaya na gauraya mai da iska, ɗaya na ƙara ko rage silo. Na farkon, a ɗaure shi a hankali har ya tsaya, ban da ƙarfi, bakinsa na lalacewa. A sassauto shi zagaye ɗaya da rabi. Daga nan a riƙa murɗawa kwata-kwatan zagaye ana saurare, har inji ya zauna daram, ba kakkarwa. Sai a koma na biyun a sauke ƙara. Mota takan zauna a juyi 700 zuwa 900 a minti, babur wajen 1,400.

In an yi duk wannan bai zauna ba, to iska na shiga ta wata kafa. A kai wa wanda ya iya. Kuma in ka kai, Alhaji, ka tsaya a kai, ka tambaya: jet aka wanke ko silo aka ɗaga? Mai tambaya ba ya ɓata.

Allah ya kare mu daga asara, ya sa albarka a nemanmu.